Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Yadda Gwanaye Ke Jarraba Sabuwar Kwamfaila

Kusan duk manhajar da ke aiki a duniya, daga wadda ke cikin wayarka zuwa wadda ke riƙe da lissafin banki, mutum ne ya zauna ya rubuta ta a wani harshe da mutane ke iya karantawa, irin su C da C++ da Fortran. Inji bai san waɗannan harsuna ba, shi sifili da ɗaya kawai ya iya. Wadda ke shiga tsakani, ta karɓi rubutun mutum ta juya shi zuwa umarnin da inji zai bi, ita ake kira kwamfaila. Ita ma manhaja ce da hannun ɗan Adam ya rubuta, saboda haka ba ta fi ƙarfin kuskure ba. Sai dai kuskurenta ba ya tsayawa a kanta. Duk abin da ya bi ta hannunta yana iya fitowa da tabo, kuma ba ita za a fara tuhuma ba. Mai rubutu zai kwana yana tonon aikinsa layi-layi, alhali aikin nasa lafiya lau yake, a wajen juyawa aka yi masa ɓarna.

Shi ya sa masu haɗa kwamfaila daga tushe suke da wata al'ada da ba sa wasa da ita. In an gama gini, ba a girka ta nan take. Sai an tsare ta a inda aka gina ta, an yi mata tambayoyi dubu ɗaruruwa, an zauna an karanta amsoshin. Buga umarnin gwajin abu ne mai sauƙi, ɗan koyo ma zai iya. Gwanintar tana wajen karatun: sanin wace faɗuwa ce abin tayar da hankali, wacce ce tsohon labari, da kuma lokacin da rashin ƙorafi shi kansa alamar matsala ne.

Babu inda ake ganin wannan sana'a ƙarara kamar wajen GCC, kwamfailar da Richard Stallman ya fara fitarwa a watan Maris na 1987 a ƙarƙashin shirin GNU. A lokacin harshen C kaɗai ta iya. Yau tana juya C++ da Fortran da Ada da Go da D da wasunsu, kuma da ita Debian da Fedora da yawancin tsare-tsaren Linux ke gina kayansu. Rubutun tushenta miliyoyin layuka ne. Mai son haɗa ta da kansa zai bi matakai huɗu: configure ya duba injin ya share fage, make ya yi ginin, make check ya yi gwaji, make install ya girka. Na biyun kan ci sa'o'i a inji mai matsakaicin ƙarfi, na ukun ma haka ko fiye, don haka shi mai gaggawa kan tsallake. Ya manta cewa GCC ba ta da umarnin kwashe kayanta bayan an girka, kuma masu ita sun faɗi hakan a takardun jagora ba tare da ɓoye-ɓoye ba. In ka zuba ta a kan tsohuwa sannan ta zo da matsala, kai da tsintar fayiloli ɗaya bayan ɗaya, wataƙila ma ka riga ka rasa lafiyayyar kwamfailar da za ka gina wata da ita.

Mai haifar kanta

Gwajin farko a cikin ginin kansa yake, kuma dabararsa ta isa a tsaya a yaba. Da harshen C aka fara rubuta GCC, daga fitowa ta 4.8 a 2013 kuwa sai da kwamfailar C++ ake iya gina ta. Ke nan kafin ka sami sabuwar kwamfaila dole kana da tsohuwa, kamar yadda maƙeri ba ya ƙera sabon awartaki sai da wani awartakin da zai riƙe masa jan ƙarfe. Masu GCC suka dubi wannan larura suka mai da ita jarrabawa.

Ginin zango uku ne. A zangon farko, tsohuwar kwamfailar da ke kan injin ita ke juya sabon rubutun, a sami kwamfaila ta farko. A zango na biyu sai a sallami tsohuwar, a miƙa wa ta farkon rubutun da aka yi ta da shi, ta gina kanta. A zango na uku a maimaita: ta biyun ta karɓi rubutun nan dai, ta fitar da ta uku. Daga nan a jera fayilolin zango na biyu da na uku, a gwama su bayit-bayit. Dole su zo daidai, babu bambancin ko ɗigo.

Me ya sa dole? Ta farko da ta biyu jikinsu ya bambanta, tun da hannu daban-daban ne suka gina su, amma tunaninsu ɗaya ne, domin daga rubutu ɗaya suka fito. Masu tunani ɗaya in aka ba su aiki ɗaya, sakamako ɗaya za su kawo. Aikin ta farko shi ne ta biyu, aikin ta biyu shi ne ta uku. Idan aka ga saɓani, to ɗayarsu ba ta yin abin da rubutu ya ce, sai ginin ya tsaya cak ya jero sunayen fayilolin da suka bambanta.

Nan ne aikin gwani ke farawa, domin ana iya zargin ɓangare huɗu. Ko tsohuwar kwamfaila ce ta ɓata ta farko. Ko sabuwar ce ta ɓata kanta. Ko kuma rubutun tushen ne ke dogara da abin da ba shi da tabbas, kamar karanta wani gurbi na ma'adana da ba a riga an sa masa komai ba, ko jera abubuwa bisa adireshin da suka faɗa, wanda kan canja daga gini zuwa gini. Na huɗu shi ne ƙarfen kansa. Tsofaffin hannu a harkar Linux sun daɗe da sanin cewa babban gini irin wannan yana matsa wa inji lamba har ya tona asirin RAM mai rauni ko furosesa mai ɗaukar zafi. Suna da wata ƙa'ida mai sauƙi ta rarrabewa: a sake ginin. In ya faɗi a wuri ɗaya kullum, laifin manhaja ne. In yau ya faɗi nan gobe can, a buɗe akwatin inji a duba.

An kuma yi wa gwamin ƙananan dabaru masu nuna zurfin tunani. A tsarin asali akan tsallake bayit 16 na farkon kowane fayil, saboda a wasu injuna nan ake buga lokacin da aka yi fayil ɗin, lokaci kuwa ba zai taɓa zuwa ɗaya ba. Sannan akan gina zango na biyu ba tare da bayanan bin sawun kuskure ba, na uku kuma da su, a cire su kafin a gwama. Da wannan ake kare wata ƙa'ida mai tsada: neman bayanan bin sawu bai kamata ya canja ko umarni ɗaya cikin abin da inji zai aiwatar ba. In ya canja, aibi zai iya ɓuya a daidai lokacin da aka kunna fitilar nemansa, ko ya bayyana saboda fitilar. A watan Yulin 2014 an ga irin haka, lokacin da ƙwayar Linux da aka gina da GCC 4.9.0 ta riƙa faɗuwa a ɓangaren raba aiki tsakanin furosesa. Sai da Linus Torvalds ya bi umarnin da kwamfailar ta fitar layi-layi kafin ya nuna cewa ɓarnar tata ce, kuma tushen aibin yana da nasaba da waɗannan bayanai.

Duk da haka, cin wannan jarrabawa ba shi ne gama magana ba. Abin da ta tabbatar shi ne kwamfaila ta iya juya babban rubutu guda, wato nata. Rubutun nan bai taɓa Fortran ba, bai yi nisa a lissafin lambobi masu ɗigo ba, kuma tun da rubutu ne mai kyau, bai gwada ko za ta iya kama rubutu marar kyau ba. Waɗannan sai a mataki na uku, wato make check.

Kundin azaba

Tare da rubutun tushen GCC akwai wata babbar folda cike da ƙananan fayiloli dubbai, kowanne tambaya ce. Mai gabatar da tambayoyin shi ne DejaGnu, wanda Rob Savoye ya rubuta a kamfanin Cygnus a farkon shekarun 1990. Yana hawa ne a kan Expect, aikin Don Libes na hukumar ma'auni ta Amurka, shi kuma Expect yana hawa a kan harshen Tcl na John Ousterhout. Tsoffin kayan aiki ne, matasa kan yi musu tsegumi, amma har yau su ke tsare ƙofa. Wadda ake jarrabawa kuma ba ta fita daga ɗakin gini ba tukuna. A nan ma sunanta xgcc, kuma ana nuna mata hanyar kayanta da ke cikin foldar ginin, don kada ta ari na tsohuwa a zaci nata ne. Gwani kan buga make -k check, harafin k ɗin yana nufin ko an faɗi a ci gaba, saboda so yake ya ga hoton duka, ba faɗuwar farko kawai ba.

Mafi shahara cikin kundin shi ne ɓangaren gcc.c-torture, wato na azabtarwa. A ɗauki ɗan fayil da bai wuce layi goma sha biyar ba. Yana tara lambobi daga 1 zuwa 10, sannan ya duba: in jimlar ba 55 ba ce ya kira abort, ya mutu da ƙara, in 55 ce ya fita salin alin. Mai kallo zai ce wannan ai wasan yara ne. Azabar tana wajen maimaitawa. Za a juya fayil ɗin da -O0, inda kwamfaila ke bin rubutu sau da ƙafa, ta zagaya sau goma kamar yadda aka ce. Za a sake da -O1 da -O2 da -O3, inda aka ba ta izinin yin wayo don aiki ya yi sauri, da -Os inda ake son fayil ya ƙanƙance, da wasu haɗe-haɗen. A -O2 kwamfaila mai kaifi ba za ta bar zagayen ba ma. Za ta lissafa 55 da kanta tun a lokacin juyawa, ta ga sharaɗin mutuwa ba zai taɓa cika ba, ta share komai ta bar umarnin fita. A irin wannan wayon ne yawancin munanan aibobi ke kwana, domin duk gajeriyar hanyar da ta bi, ta dogara ne da wata hujja, hujja kuwa takan yi rami. Kowane zaɓi ana duba abu biyu, ko an juya lafiya da ko abin da aka juya ya yi aiki daidai. Ta haka fayil ɗaya ke haifar da gwaji fiye da goma.

Wani ɓangaren kuma da gangan ake rubuta ɓarna. Layi ne da ya ambaci wani suna da ba a gabatar ba, a gefensa an sa 'yar alama, dg-error, tare da guntun saƙon da ake sa ran ji. Kafin kwamfaila ta ci wannan sai ta yi ƙorafi, a kan wannan layin, da wannan lafazin, kuma kada ta ƙara wani ƙorafin a wani wuri. Akwai kuma masu leƙa umarnin da ta fitar don ganin ko ta yi amfani da wata dabarar sauri da aka koya mata, ko ta manta.

Mai bin sunayen fayilolin zai ga da yawa sun fara da pr, sai lamba. Lambar ta rahoton wani aibi ce da wani ya taɓa kawowa. Al'adar masu GCC ita ce duk wanda ya gyara aibi ya haɗo da ɗan gwajin da zai kama shi in ya dawo. Saboda haka kundin nan tarihin tuntuɓen shekara talatin da ɗoriya ne, an killace shi don kada a faɗa rami ɗaya sau biyu.

Karatun sakamako

Bayan sa'o'i, kowane ɓangare zai bar fayil biyu. Mai ƙarewa da .sum shi ne taƙaitawa, layi ɗaya ga kowane gwaji. Mai ƙarewa da .log shi ne cikakken labari, da kowane umarni da aka buga da duk abin da aka amsa. Kowane layin taƙaitawa yana farawa da hukunci. PASS, an ci kamar yadda ake zato. FAIL, an faɗi ba zato. XFAIL, an faɗi amma dama an san za a faɗi, aibi ne sananne da ba a gyara ba. XPASS, an ci alhali ana zaton faɗuwa. UNSUPPORTED, wannan injin ba shi da abin da gwajin ke bukata. UNRESOLVED, ba a iya yanke hukunci ba, sai mutum ya duba.

Sabon shiga yakan nemi sifili a layin faɗuwa, in bai gani ba hankalinsa ya tashi. Gwani ya san da wuya a ga sifili a GCC, takardun jagorar ma sun ce 'yan faɗuwa ba abin mamaki ba ne. Tambayarsa ita ce, wace faɗuwa ce sabuwa? Don haka kafin ya taɓa sabuwar kwamfaila yana da taƙaitawar tsohuwa a ajiye, wadda aka yi a inji ɗaya da tsari ɗaya. Akwai ɗan rubutu a foldar contrib mai suna compare_tests, ya ba shi tsohuwa da sabuwa, ya ware masa: ga waɗanda da ana ci yanzu ana faɗuwa, ga waɗanda aka gyara, ga sababbi, ga waɗanda suka ɓace. Faɗuwa ɗari da ke nan tun bara ba ta kai faɗuwa ɗaya da ta bayyana yau tayar da hankali ba.

Sannan faɗuwa suna suka tara. Mafi sauƙi ita ce ta dabarar sauri da aka rasa: manhaja za ta yi aiki daidai, sai dai a hankali. Sama da ita akwai saƙon ƙorafi da ya canja lafazi ko ya ƙaru. Sama da wannan akwai inda kwamfailar kanta ta kife a tsakiyar aiki ta ce ta gamu da kuskuren cikin gida. Wannan ba ta da daɗin gani, amma tana da gaskiya, ta faɗa maka ta kasa. Wadda gwani ke tsoro ita ce faɗuwar lokacin aiwatarwa, inda kwamfaila ta karɓi rubutu mai kyau, ba ta ce uffan ba, ta fitar da manhaja mai ba da amsar ƙarya. Ko guda ɗaya ya gani sabuwa, girkawa ta dakata.

Abin da zai yi daga nan sananne ne. Zai buɗe fayil ɗin .log ya nemo layin, ya kwafi dogon umarnin da aka buga, ya sake buga shi da hannunsa. In ya sake faɗuwa, sai ya fara rage zaɓuɓɓuka: da -O2 ya faɗi, da -O1 fa? In da -O1 an ci, to ɗaya daga cikin dabarun da -O2 ke kunnawa ce mai laifi, sai ya riƙa kashe su ɗaya-ɗaya har ya kama ta. Ba ya sake tayar da gwajin duka, akwai RUNTESTFLAGS da ke ba shi damar kiran fayil guda kawai, a gama cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Sau da yawa kuma kwamfaila ba ta da laifi, muhallin gwajin ne. Gwaji yana da wa'adi, a bisa al'ada minti 5, inji mai nauyin jiki ko wanda aka cika wa aiki zai iya wuce shi a rubuta masa faɗuwa. Wasu gwaje-gwajen suna cin ma'adana mai zurfi, sai an ɗaga iyakar da tsarin ya sa. Na ɓangaren guality sun dogara da GDB, manhajar bin sawun kuskure, don haka sakamakonsu kan bi wadda ke kan injin. Expect kuma yana bukatar tashoshin bogi da zai yi magana da manhaja ta cikinsu, in babu su gwaje-gwaje za su zube tamkar an yi annoba. Littafin Linux From Scratch, wanda Gerard Beekmans ya fara a 1999 don koyar da gina Linux daga tushe, yana sa mai karatu ya tabbatar da wannan tun kafin ya kai ga GCC, ya yi gwajin da asusun da ba na shugaban inji ba, kuma yana faɗa masa faɗuwar da aka riga aka sani don ya gwama da tasa. Ƙa'idar gwanaye ita ce, faɗuwa dubu a lokaci guda galibi sanadinta ɗaya ne, kuma yawanci a wajen kwamfaila yake.

Akwai tarkon da ya fi waɗannan duka, shi ne gwajin da bai gudana ba. In ba a girka DejaGnu ba, ko wani laburare ya ɓace, ɓangare guda zai iya wucewa ba tare da an yi masa tambaya ko ɗaya ba, kuma babu FAIL da zai fito, tun da wanda bai zauna jarrabawa ba ba ya faɗuwa. Shi ya sa idon gwani ke kan adadin PASS kamar yadda yake kan adadin FAIL. In wancan karon an ci dubu ɗaruruwa, yau kuma adadin ya faɗo ƙasa sosai, ko gwajin da kan ci sa'o'i ya ƙare kafin shayi ya huce, ba murna zai yi ba, bincike zai fara.

Aikin yakan ƙara wuya in kwamfailar ta ƙetare ce, wato an gina ta a kwamfutar ofis don ta fitar da manhajar wani inji daban, kamar ARM ko RISC-V. Irin wannan ba ta iya gina kanta a inda take zaune, saboda haka babu zango uku, babu gwami. Nauyin duka ya koma kan kundin gwaji, kuma kowane ɗan fayil sai an aika shi kan ainihin allon injin, ko a gudanar da shi a cikin mai kwaikwayon inji irin QEMU, a jira amsa ta dawo.

Abin da kundi bai sani ba

Kundin gwaji yana tambayar abin da wani ya riga ya yi tunaninsa ne kawai. Wasu masu bincike a Jami'ar Utah, ƙarƙashin John Regehr, suka nemi tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi. Suka ƙirƙiri Csmith, manhaja mai ƙago rubutun C barkatai, marar ma'ana amma mai bin doka, wanda amsarsa guda ce tak. A ba kwamfaila daban-daban su juya, a gudanar, a gwama amsa. In ɗaya ta saɓa wa sauran, an kama ɓarauniya. A rahotonsu na 2011 sun ce cikin shekara uku sun kai ƙarar aibobi fiye da 325 da ba a sani ba, kuma duk kwamfailar da suka gwada sun same ta da fitar da amsar ƙarya a wani wuri. Inda ba su sami irin wannan aibi ba shi ne ɓangaren kwamfailar CompCert da Xavier Leroy da abokan aikinsa a Faransa suka tabbatar da ingancinsa ta hujjar lissafi.

Masu tsare-tsaren Linux kuma suna da nasu babban gwajin. Kafin Debian ko Fedora su mai da sabuwar GCC ta zama ta yau da kullum, sukan sake gina dubban manhajojinsu da ita, su ga me ya karye. Nan ma sai da ido, domin ba duk abin da ya karye ne laifin kwamfaila ba. GCC 10 a 2020 ta daina yafe wa masu ayyana suna ɗaya a fayiloli da yawa, GCC 14 a 2024 ta mai da kiran aikin da ba a gabatar ba kuskure maimakon gargaɗi, kuma kowane karo tsofaffin manhajoji da yawa sun ƙi ginuwa. Waɗannan tsohon sakaci ne da aka daɗe ana kawar wa da kai. Raba wannan da ainihin aibin kwamfaila yana bukatar sanin dokar harshen sosai, kuma ƙorafi da yawa da ake kai wa masu GCC kan ƙare da an nuna wa mai ƙarar cewa rubutunsa ne ya taka doka.

Iyaka ta ƙarshe Ken Thompson ne ya nuna ta, a jawabinsa na karɓar lambar Turing da aka buga a 1984. Ya bayyana yadda za a koya wa kwamfaila ta dasa ƙofar ɓoye a manhajar shiga inji, a kuma koya mata ta sake dasa wannan darasi duk lokacin da take gina kanta, sannan a goge komai daga rubutun tushe. Rubutu zai zama tas, mugun halin kuma ya riƙa wucewa daga uwa zuwa 'ya. Gwamin zango na biyu da na uku ba zai ga komai ba, tun da dukansu sun gaji abu ɗaya. David A. Wheeler, a binciken digirinsa na uku a 2009, ya nuna hanyar kama wannan: a fara ginin da wata kwamfaila ta daban wadda ba ta haɗa jini da wadda ake zargi ba, a bar abin da ta haifa ya sake gina rubutun, a gwama da wadda ake zargin. Masu tsarin Guix kuma suka bi ta tushe. A 2023 suka sanar cewa sun iya gina tsarinsu tun daga wani ɗan iri mai bayit 357, ƙanƙanin da mutum zai iya karantawa da idonsa, hawa-hawa har a iso GCC.

Sannan a girka

Ko bayan an gamsu, gwani ba ya rushe tsohon gida. Tun a matakin configure ya ba da --prefix, ya ware wa sabuwar kwamfaila foldarta mai ɗauke da lambar fitowarta, ta yadda cire ta ba zai wuce goge folda ɗaya ba. Tsohuwa tana nan daram. Bayan girkawa zai yi ɗan gwaji na ƙarshe, domin wadda aka jarraba a ɗakin gini take, wannan kuwa ta koma sabon wuri. Zai tambaye ta lambarta don ya tabbata ita ce ke amsa kira ba tsohuwar ba, ya juya manhaja mafi ƙanƙanta, ya duba daga wace folda ta ɗauko laburarenta. Daga nan ya gina nasa aikin da ita, ya gudanar da nasa gwaje-gwajen, domin babu wanda ya san lungunan rubutunsa kamarsa.

In kuwa ya kama aibi na gaske, ba ya tura wa masu GCC rubutu mai layi dubu goma ya ce su nemo. Zai yi ta yanke shi, da hannu ko da manhaja irin C-Reduce, har ya rage 'yan layukan da in an cire ɗaya aibin zai ɓace. Ya haɗa da lambar fitowa, da irin injin, da ainihin umarnin da ya buga. Irin wannan rahoto shi ake saurin gyarawa, kuma 'yan layukan nan su ne za su shiga kundi da pr a gaban lambarsu, duk mai gina GCC a ko'ina ya riƙa gwada su daga ranar. Fayilolin .sum na yau kuma zai adana su tare da kwanan wata da zaɓuɓɓukan da ya yi amfani da su, saboda GCC kan fitar da babbar sabuwa kowace shekara, kuma da sakamakon bana zai auna ta baɗi.